Baƙon da Ya Sauka a Zagami

A 1963 marubucin Amurka Clifford Simak ya fitar da littafinsa Way Station, labarin wani mai zaman kaɗaici a karkarar Wisconsin da aka ɗora wa amanar saukar da baƙi daga wasu duniyoyi. Labarin ƙage ne. Amma tun kafin littafin ya fito, baƙo na gaske ya riga ya sauka a ƙasar Hausa.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami, lardin Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara, ƙura ta tashi dab da shi. Dutse ne mai nauyin kusan kilo 18, bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Daga sama ya faɗo, ba gardama. To, daga ina?

Da masana suka auna shekarunsa, sai kai ya ɗaure. Yawancin duwatsun da ke faɗowa sun kai shekara biliyan 4.5, shi kuwa bai wuce kimanin miliyan 180 ba, kuma narkakken dutse ne da ya daskare. Ke nan ya fito daga babbar duniya wadda cikinta ke da wuta har kwanan nan. Ko daga duniyar wata ne? Duwatsun da 'yan sama-jannatin Apollo suka kwaso daga can ba su yi kama da shi ba.

A 1976 kumbunan Viking suka auna iskar duniyar Mars. A 1983 aka sami irin wannan iska maƙale cikin wani dutse ɗan'uwansa da aka tsinto a Antatika. A 1995 kuma aka same ta cikin na Zagami kansa. Magana ta ƙare. Wani ƙaton dutse ne ya daki Mars, ya cillo shi, ya yi ta gararamba shi kaɗai kusan shekara miliyan 3 kafin ya faɗo gonar nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ana sayar da ɓarɓashinsa giram-giram a ƙasashen waje, yaranmu kuwa ko sunansa ba su ji ba. Masuntan Yauri da Ngaski, ku da kuke kwana kan ruwan Kainji kuna ganin tauraro na tsinkowa: in irinsa ya faɗo kusa da ku, kada ku farfasa shi. Ku nannaɗe shi, ku kai wa masana duwatsu a jami'a.