Kun biya kuɗin kujerar Hajji ko Umra amma an samu matsala? Ga yadda ake warware ta da kamfanin

Kowace shekara idan kaka ta wuce, an sayar da wake da riɗi da aya, a nan Kona da ƙauyukan da ke kewaye da Tasawa da Mayahi za ka ji ana cewa wane ya ajiye kuɗin kujera. Wani shanunsa ya kai kasuwa, wani gonarsa ya jinginar, wata kuma ɗiyanta da ke bida a Libiya ko Aljeriya ne suka haɗa mata. Kuɗi ne masu nauyi, don a shekarun baya-bayan nan kujerar Hajji a Nijar ta haura sefa miliyan uku. To sai kuma lokacin tashi ya matso, a ji suna bai fito ba, ko biza ba ta fito ba, ko a ce a ƙaro kuɗi. Masu sauraro da dama sun sha tambayarmu: in haka ta faru, wa za a kama, kuma ta ina za a fara?

Amsar a taƙaice ita ce, da kamfanin da ya karɓi kuɗin za a yi magana, da takarda a hannu, kuma da wuri. Bari mu bi abin daki-daki.

Wa ke da alhakin me?

Kakanninmu da suka je Makka ta ƙasa, Chadi suke ratsawa su shiga Sudan, su kai Suwakin ko Port Sudan, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutum da guzirinsa da ƙafarsa yake tafiya. Yau tafiyar ta ratsa hannaye uku, kuma dole a san aikin kowane.

Na farko hukumomin Saudiyya. Su ke ba kowace ƙasa adadin kujerunta, Nijar na da 15,891. Su ke ba da biza, su ke tsayar da ranar rufe shigar da sunaye a na'urarsu. In ranar ta wuce, ba mai iya buɗewa daga nan gida.

Na biyu hukumar COHO da ke Yamai, wadda gwamnati ta ɗora wa tsara aikin Hajji da Umra. Ita ke sanar da farashi da lokacin rajista, kuma kamfanonin da ta amince da su ne ke da damar shigar da sunayen maniyyata.

Na uku kamfanin tafiye-tafiye, wato ajans. Shi ne ya karɓi kuɗinku, shi ya yi muku alkawarin jirgi da masauki da abinci. Don haka a idon doka shi ne abokin cinikinku.

Akwai kuma na huɗu wanda ba ya cikin tsari amma a ƙauye shi aka fi sani: ɗan kamasho. Sau da yawa ɗan gari ne, ko wani Alhaji da aka yarda da shi, yana tara kuɗi da fasfo yana kai wa ajans a Maradi ko Yamai. Da yawansu mutanen kirki ne. Amma in kuɗi suka tsaya a hannunsa ba su shiga asusun kamfani ba, kamfanin zai ce bai san da ku ba, kuma maganarsa za ta zauna. Nan ne yawancin rigingimu ke farowa.

Ku fara gane irin matsalar

Ba duk matsala ce zamba ba. Kafin a ɗaga murya, a bincika wace iri ce, don kowace da maganinta.

Akwai kuskuren suna. Mu nan Nijar mutum ɗaya sai ka ga a takardar haihuwa Mahamane, a katin ɗan ƙasa Mahaman, a resin ajans kuma Maman. Haka Aboubacar da Boubacar, Haoua da Hawa. Ga kuma tsofaffin da aka rubuta musu shekarar haihuwa da ƙiyasi, takardun suka saɓa wa juna. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Abin da ke cikin fasfo shi ne ake bi, harafi da harafi. Wannan matsala ana gyara ta cikin sauƙi in an gano ta da wuri, shi ya sa yake da kyau a sa ɗan lakwal ya gwada rubutun resi da na fasfo tun ranar biya.

Akwai matsalar fasfo da allura. Saudiyya na son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Tana kuma neman shaidar allurar sanƙarau, da ta shawara ga masu zuwa daga ƙasashe irin tamu. In ɗaya ya rasa, biza na iya tsayawa, kuma wannan gyaran a wuyan maniyyaci yake.

Akwai matsalar da ta fi ƙarfin kowa. A 2020, saboda cutar korona, Saudiyya ta hana mahajjatan waje gaba ɗaya. A 2021 mutum 60,000 mazauna ƙasar kawai aka bari. A 2022 da aka buɗe, an hana waɗanda suka haura shekara 65. A irin wannan hali ba kamfani ne ya hana tafiya ba, amma duk da haka kuɗin na mai su ne. Sai a zauna a zaɓa: a mayar da su, ko a ajiye su zuwa baɗi.

Sai kuma matsalar da ke wuyan kamfani: ya karɓi kuɗi bai shigar da suna ba, ko ya tara mutane fiye da kujerun da yake da su, ko ya yi alkawarin masauki kusa da Harami ya kai mutane nesa, ko ya ƙaro kuɗin da ba a yi maganarsu ba. Wannan ita ce ake bin haƙƙi a kanta.

Takardun da za su tsaya muku

Kafin ku je ko'ina, ku haɗa waɗannan wuri ɗaya: resin biyan kuɗi mai ɗauke da sunan kamfani da tambarinsa da sa hannu da kwanan wata, takardar yarjejeniya in an yi, kwafin fasfo, da resin banki ko na Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money in ta nan aka tura kuɗin. Saƙonnin WhatsApp, har da na murya, kada a goge su. A ɗauki hoton kowace takarda a salula, a kuma yi fotokofi. Ainihin resi kada ya bar hannunku, ko wa ya nema, kwafi za ku ba shi.

Wani abin lura shi ne lissafin kuɗi. Mu da Hausa da dala muke ƙirga, takarda kuma da faran ake rubuta ta. "Dubu ɗari" a bakin ɗan kasuwa na iya nufin jika ɗari biyar, a bakin ɗan boko kuma jika ɗari. Ku tabbata adadin da ke kan resi an rubuta shi da lambobi da kuma kalmomi, kuma wanda kuka yarda da shi ya karanta muku.

In ɗan kamasho kuka ba kuɗi ba tare da takarda ba, ba a ce komai ya lalace ba. Ku neme shi gaban shaidu biyu, ya rubuta cewa ya karɓi kaza ranar kaza domin kujera a kamfani kaza, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ku yi haka tun ana dariya da juna, kafin rai ya ɓaci.

Mataki na farko: ofishin kamfanin

Kiran waya ba ya barin shaida. Ku je ofis da ƙafarku, ko ku wakilta ɗa ko ƙane mai karatu, ku nemi ganin shugaban kamfanin ko wanda ke riƙe da rajista. Tambayoyi uku za ku yi. Kuɗina sun shigo asusunku, nawa ne? An shigar da sunana, ina shaidar? In ba a shigar ba, me ya hana, kuma yaushe za a yi?

Daga nan ku faɗi abin da kuke so ƙarara, abu ɗaya. Ko a gyara ku tafi bana, ko a ɗage zuwa baɗi, ko a mayar da kuɗi. Mai zuwa yana faɗa kawai ba tare da ya ce ga abin da yake nema ba, haƙuri za a ba shi ya koma gida.

Duk abin da aka amince a rubuta. In ɗagewa ce, a rubuta ko za a yi ciko in farashi ya tashi, da kuma wanda zai biya shi. In mayarwa ce, a rubuta adadi da rana, in kuma za a cire wani abu a faɗi dalili, a nuna takardar abin da aka kashe. "Insha Allahu mako mai zuwa" magana ce mai daɗi, amma a sa kwanan wata a gefenta.

In an ƙi saurarenku, ku rubuta wasiƙa gajera: sunanku, adadin da kuka biya, ranar biya, abin da ya faru, abin da kuke nema, da wa'adi, misali kwana goma. Ku yi kwafi biyu, a buga muku tambari a kan ɗaya ku riƙe. Kuma in ku da yawa ne abin ya shafa, ku haɗu ku tafi tare. Kamfani ya fi jin maganar mutum goma sha biyar a kan ta mutum ɗaya, ga shi kuɗin mota ma sun ragu.

Mataki na biyu: hukuma da sarakuna

In wa'adi ya cika shiru, sai a kai kuka COHO, da kwafin duk takardun da wasiƙar da kamfani ya karɓa. Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne, don haka ba sai kowa ya tafi ba, wakili ɗaya da takardun kowa ya isa. Kamfanin da ke son a ci gaba da ba shi kujeru ba ya son sunansa ya yawaita a teburin hukumar, shi ya sa wannan mataki ke da tasiri.

In kuwa rigimar tsakaninku da ɗan kamasho ce na gari, dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a kan al'amuran bashi da ciniki. A fara daga mai gari, in ta ƙi a je wurin sarki. Ku roƙi a rubuta takardar sasantawar, kowa ya sa hannu, don ita za ku nuna a gaba in an saɓa.

Mataki na uku: shari'a

In mutum ya karɓi kuɗi da sunan kamfanin da babu shi, ko ya ba da resin bogi, ko ya kashe waya ya ɓace, wannan ya zama zamba. A kai ƙara wurin jandarmomi ko komisariya, ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara. In kuma kamfanin na gaskiya ne, ya amsa bashin amma ya ƙi biya, akwai hanya gajera a dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke ciki, inda alƙali ke ba da umarnin biya bisa takardun shaida. Akwai kotu a Tasawa da Mayahi, babba kuma tana Maradi. Masu ƙaramin ƙarfi na iya neman shawara kyauta a ofishin hukumar ANAJJ da ke babbar kotun.

Wasu na jin nauyin kai ƙara, suna cewa harkar ibada ce. Amma wanda ya yi shiru, baɗi maƙwabcinsa ne zai faɗa hannun mutumin.

Tarkon da ya fi kowane haɗari

Wani lokaci idan kujera ta ƙi samuwa, sai a ce wa mutum: "Kada ka damu Alhaji, za mu yi maka bizar ziyara ko ta Umra, in ka shiga sai ka laɓe har Arfa." Jama'a, kada ku karɓi wannan a matsayin gyara. A Hajjin 2024, lokacin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su. Bayan haka Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka kai mutane ta wannan hanya. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar shekara goma. Yanzu kowane mahajjaci sai da katin Nusuk yake shiga wuraren ibada. Kamfanin da ya karɓi kuɗin Hajji ya ba ku bizar da ba ta Hajji ba, bai cika alkawari ba, ku nemi kuɗinku.

In kuma a can Makka ko Madina ne kuka tarar masauki ko abinci ba kamar yadda aka faɗa ba, ku sanar da jagoran ayarinku da wakilan hukumar Nijar tun kuna can, ku ɗauki hoto, ku rubuta rana. Ƙorafin da aka yi a wurin ya fi wanda aka zo da shi gida bayan wata guda.

Ga masu niyyar baɗi

Kafin ku miƙa ko dala ɗaya, ku tambaya ko sunan kamfanin na cikin waɗanda COHO ta amince da su a wannan shekarar, don na bara ba lallai ne ya zama na bana ba. Ku biya a asusun kamfani, da sunan kamfani. Ku karɓi resi kowane biya, ko da kaɗan-kaɗan kuke zubawa. Ku yi fasfo da allura tun kafin a buɗe rajista. In kuka ji farashin da ya yi ƙasa sosai da wanda hukuma ta sanar, ku tsaya ku yi tambaya.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa iyayenmu da ba su iya ba, musamman mata da tsofaffi, su ne aka fi yi wa wasa da kuɗi. Masu tambaya kuma ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Allah ya kai maniyyata lafiya, ya dawo mana da su lafiya.