Hunturu Ba Shi Ne Ke Kashe Ɓaure Ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta kaɗo, ɗan ɓauren da magidanta ke dasawa a tsakar gida a Kinkinau da Unguwar Mu'azu yakan yi rawaya, ganyensa ya kakkaɓe, ya bar tsirarun rassa. Da yawa sukan ɗauka sanyi ne ya kashe shi, sai su tumɓuke. Wasu kuma su yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma har saiwar ta ruɓe. Itacen kuwa lafiyarsa ƙalau, hutu yake yi.

Ba ɓauren bakin rafi nake nufi ba, ɗan'uwan cediya da durumi da gamji. Wannan ƙaton itace ne. Wanda ya dasa shi a ɗan fulotin birni zai wayi gari saiwarsa ta tsaga katanga ta kutsa sokawe. Ina magana ne a kan ɓauren Larabawa, wato tin, wanda sura ta 95 a Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa. Asalinsa daga Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum ne, kuma Turkiyya ce ke kan gaba wajen nomansa a duniya. Sanyin waɗannan ƙasashe ya ninka namu, har ruwa kan daskare a wasu sassansu. A Kaduna kuwa, komai kaifin jaura, ba a taɓa jin randa ta daskare ba.

Saboda haka hunturu lokacin aiki ne. A rage ban-ruwa, a datse rassan bara, domin mafi yawan 'ya'yan tin a jikin sabon toho suke fitowa. Reshen da aka datse, mai kaurin fensir da tsawon kamu ɗaya, shi ne irin baɗi: a kafa shi a tukunya mai yashi, a ajiye a inuwa. A dai kiyaye farin ƙaron da ke fita daga yankan, yana ƙona fata idan rana ta buga. Da sanyi ya fara ja baya a Fabrairu, sai a zuba ruɓaɓɓen taki a dawo da ruwa, don 'ya'yan su yi girma cikin bazara, su nuna kafin damina ta kankama.

Damina ce abin tsoro. Itacen ya saba da ƙasar da ruwanta ke sauka lokacin sanyi, zafinta kuma a bushe. Mu namu yanayin akasin haka ne. Marka ta Agusta kan sa ganye ya yi tsatsa, 'ya'ya su tsage su yi tsami tun ba su nuna ba, saiwa kuma ta shaƙe inda ruwa ke kwanciya. A ganina, ga gidajenmu da aka shafe da siminti, rabin duro da aka huda gindinsa ya fi rami. Yana tauye saiwar, yana tsiyaye ruwa, kuma ɗan haya zai iya tashi da abinsa. A aje shi inda rana ke duka aƙalla awa 6.

Saura batun iri. Hausawa sun ce ba a tona cikin ɓaure, kuma suna da hujja: wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ciki ya yi masa barbara. Wasu nau'o'in tin ma ba sa riƙe 'ya'ya sai da nasu ƙwaron. Manoman Kalifoniya a Amurka sun shafe shekaru suna kallon nau'in Simirna yana zubar da ɗanyun 'ya'ya, sai a 1899 da aka kai musu ƙwaron sannan al'amarin ya daidaita. Nau'o'i irin su Brown Turkey da Black Mission ba su buƙatarsa, su suka dace da mu. Mai shuka ƙwayar busasshen tin da alhazai ke tsarabarsa caca yake yi, domin abin da ya tsiro ba lallai ya gaji uwarsa ba. Gara mutum ya roƙi reshe a gidan da ya ga itacen ya yi 'ya'ya har sun nuna, kuma Janairu ne lokacin roƙon.