Mita Ɗaya, Ɗakuna Goma

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai mita ɗaya ya san yadda tsakar gida ke ɗaukar zafi ranar da takardar kuɗin wuta ta iso. Matar ɗakin bakin zaure firiza biyu gare ta, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga hita, ga dutsen guga da ba ya hucewa. Ɗalibin ɗakin ƙurya kuwa ƙwan lantarki ɗaya ne da shi, sai fankar da ake tayarwa da tsinke. Ko yaro ya san adalci a nan: a ƙirga kayan wutar kowa. To a ce an hana ƙirga kaya, an ce sai dai a ƙirga kawuna, aka kuma ƙara da cewa komai yawan mutanen ɗaki, kada ya biya fiye da kaza. Ragowar kuɗin a wuyan wa zai faɗa?

Irin wannan rabo ne majalisar birnin Eugene, a jihar Oregon ta Amurka, ta daɗe tana fama da shi. A 1996 mutanen garin suka jefa ƙuri'a, suka sanya wata doka cikin kundin mulkin birninsu. Dokar ta ce duk masana'antar da ke da ma'aikata 10 ko fiye, wadda sinadarai masu haɗari da take amfani da su a shekara suka kai kimanin kilo 1,200, dole ta kawo lissafi: abin da ya shigo, abin da ya bi kayan da aka ƙera, abin da ya tashi a iska, abin da ya bi ruwa, abin da aka kwashe a matsayin shara. Shiga da fita su daidaita, kowa kuma yana iya dubawa. A lokacin da aka jefa ƙuri'ar, kamfanin Hyundai na gina masana'antar kayan kwamfuta a yammacin garin, hankalin maƙwabta bai kwanta ba. Bala'in gubar masana'anta na Bhopal a Indiya a 1984 ya riga ya sa Amurka ta kafa dokar bayyana guba ta ƙasa a 1986, amma mutanen Eugene sun ga ramukan rariyarta sun yi faɗi.

Lissafi yana cin kuɗi, sai da ma'aikaci da rumbun bayanai da mai bin diddigi. Dokar ta ɗora wannan nauyi a kan masu amfani da sinadaran. Kwamitin mutum bakwai, uku daga masana'antu, uku daga masu fafutukar haƙƙin jama'a na sani, ɗaya ɗan ba-ruwanmu, shi ke ba da shawarar kuɗin kowace shekara, majalisar birni ta yanke.

A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta Oregon ta ce birnin ba shi da ikon yanka kuɗi bisa yawan sinadarai, domin jiha tana da nata harajin a kan haka. Sai aka koma ƙirga ma'aikata. Majalisar dokokin jihar kuma ta zo ta kafa iyaka: kada a karɓi fiye da dala 2,000 daga masana'anta guda. A ce kuɗin kowane ma'aikaci dala 50 ne. Mai ma'aikata 40 ya riga ya taɓo iyaka, shi da mai ma'aikata 1,000 kuɗinsu ɗaya ke nan. Kasafin shirin bai ragu ba, don haka duk abin da aka sauke wa babba, ƙarami ne ke ɗauka. Har da waɗanda sinadaransu ba su kai a nemi rahotonsu ba, su ma suna biya.

Ƙananan 'yan kasuwar da ke kuka suna da gaskiya, ban ga dalilin musa musu ba. Inda na rabu da wasunsu shi ne kiran a soke shirin ɗungurungum. Ba a cire mita don rabo ya karkace, sai a zauna a gyara rabon. Mazauna unguwar Bethel a Eugene sun shafe shekaru suna ƙorafin warin masana'antar J.H. Baxter mai jiƙa katako da magani. Ta rufe a 2022, bayan an gano gubar dayoksin a ƙasar gidajen da ke kusa da ita, inda yara ke wasa, inda ake shuka kayan miya. Uwar da ke irin wannan unguwa tana da haƙƙin sanin abin da ke fita daga bututun da ke bayan katangarta, kuma bai kamata a ce ita ce za ta biya kuɗin sanin ba.

Hannun majalisar birni a ɗaure yake, amma bakinta a sake. Ya kamata ta riƙe shirin da cikakken kasafinsa, ta kuma matsa wa 'yan majalisar jiha lamba su ɗage iyakar dala 2,000, su bar birnin ya yanka wa kowace masana'anta kuɗi gwargwadon gubar da take shigowa da ita gari.