Mi ya sa tonka take da yaji?

Ƴan uwa manoma da masu garka, kun sha ganin tsuntsu yana tsattsagar jar tonka a shanya ko gezau, amma kusu ya sansana ya wuce. Akwai dalili.

Tonka da tattasai ba ƴan asalin ƙasarmu ba ne. Daga nahiyar Amurka suka fito, wajen Bolibiya da Meksiko, kuma sai bayan shekarar 1492 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su Afirka. Can a daji, tonka ɗan ƙaramin icce ne mai bukatar a kai masa ɗiyansa nesa. Kusu da sauran dabbobi masu haƙori suna niƙe irin idan sun ci, ya lalace. Tsuntsu kuwa haɗiye shi yake, ya je ya kasayar da shi lafiya lau, da takinsa. Abin da ke kawo yajin, wanda masana ke kira kafsaisin, yana ƙona bakin dabba da na mutum, amma bakin tsuntsu ba ya jinsa. Cikin dubban shekaru, iccen da ya fi korar kusu shi ya fi barin zuriya.

Akwai dalili na biyu. A shekarar 2008 wasu masana sun ba da sakamakon bincikensu a Bolibiya: ƙwari na huda ɗan tonka, fumfuna ta shiga ta ramin ta ruɓar da iri, kuma yaji yana rage mata ƙarfi. Shi ya sa a wuraren damshi kusan duk tonkar daji mai yaji ce.

Mutane da yawa suna cewa yajin cikin iri yake. A'a, yana jikin farar tsokar nan da iri ke maƙale a kai. Idan kuma ya kama ku, ku bar ruwa, ku sha nono, shi ke wanke shi.

Ku masu tattasai, irin na bakin Komadugu a jihar Diffa, ku kula: kada ku dasa tonka dab da fangalin da za ku ɗebi iri. Zuma na ɗaukar garin furen wannan ta kai ma wancan. Bana ba za ku ga komi ba, amma irin da kuka ajiye zai iya ba ku tattasai mai yaji baɗi, ɗan kasuwa ya karya muku kuɗin buhu. Ku raba su nesa, ko ku rufe ƴan itatuwan iri da gidan sauro kafin fure ya buɗe.