Masu Biyan Kuɗi Su Kalli Ganuwa

Falken da ya saba bin hanyar da ta taso daga Mayanci, ta ratsa Anka da Daki Takwas, ta sauka Gummi, idan aka ce masa akwai ƙasar da mutane ke barin gidajensu su yi tafiyar yini guda, su biya kuɗin mota da na masauki, sa'an nan su sake biya a bakin ƙofa, ba don kome ba sai don su kalli rusasshiyar ganuwa, lalle zai ce almara ake yi masa. Shi a saninsa tsohuwar ganuwa tudu ce da awaki ke hawa, inda magini kan je da jakinsa ya ɗebo ƙasa idan damina ta ci katanga. Alhali kuwa maganar gaskiya ce, kuma a cikinta akwai abin da ya shafi mutanen yammacin Zamfara, malamansu da 'yan kasuwarsu.

Sunan ƙasar Wales. Tana yamma da Ingila cikin tsibirin Birtaniya, ƙasa ce ta duwatsu da tumaki, teku ta kewaye ta ta fuska uku, mutanenta kuwa suna da harshensu dabam da Ingilishi. A shekarar 1282 Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya kai musu yaƙi, aka kashe sarkinsu Llywelyn a watan Disamba, ƙasar ta faɗa hannun Ingilishi. Da Edward ya ga cin ƙasa da riƙonta ba ɗaya ba ne, sai ya sa aka gina manyan kagarai na dutse a arewacinta. Abin da ya fi kusa da su a sanin mutanen ƙasar Hausa shi ne ribaɗi, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a Wurno, watau mazaunin mayaƙa mai ƙarfi. Sai dai ribaɗi don tsaron iyaka ake yinsa, waɗannan kuwa an yi su ne don a danne mutanen cikin ƙasa. Huɗu daga cikinsu suka fi suna: Conwy, da Caernarfon, da Harlech, da Beaumaris. Dukansu a bakin ruwa aka kafa su, kuma da dalili, domin ko mutanen ƙasa sun tare hanyoyin tudu, jiragen ruwa za su kawo wa askarawa hatsi da makamai.

Conwy ita ce ta fi jan masu kallo. An soma ginin a 1283, cikin shekara huɗu zuwa biyar an gama, aka kashe wajen fam 15,000 na wancan zamani. Magina da maƙera da masu sassaƙa daga ko'ina cikin Ingila aka tattaro su, da yawansu ba da son ransu ba, babban magininsu kuwa wani ne James, mutumin ƙasar Savoy ta wajen Faransa. Kagarar tana da hasumiya 8 a kan dutse, garin da ke ƙarƙashinta kuma an zagaye shi da ganuwa mai hasumiya 21 da ƙofa 3, tsawonta ya ɗara kashi uku cikin huɗu na mil. Baƙo yakan hau kanta ya yi ta tafiya, rufin gidaje na ƙarƙashinsa, kogi da jiragen masunta na gabansa. In ya sauko bakin ruwa sai a nuna masa wani ɗan jan gida, faɗinsa ƙafa 6 tak, wanda ake cewa babu ƙaraminsa a Birtaniya duka. Wani masunci dogo ne ya zauna cikinsa na ƙarshe har 1900. Shi ma sai an biya ake shiga. Mai neman sanin yadda ake juya abin banza ya zama kuɗi, to, ga makaranta.

A Harlech kuma kagarar tana bisa wani dutse mai tsawo, akwai matakala da ta sauka daga gare ta har gindin dutsen, inda a da jirage ke tsayawa. Yau teku ta janye nesa, matakalar ta sauka cikin fili. A 1404 wani jarumin Wales, Owain Glyndŵr, ya ƙwace ta daga hannun Ingilishi ya mai da ita fadarsa har 1409. Beaumaris kuwa, wadda aka soma a 1295, kuɗi suka yanke, har yau ba a ƙarasa ta ba.

Kada mai karatu ya zaci tun farko mutanen can sun san darajar waɗannan wurare. Sun yi shekaru ɗaruruwa a yashe. A 1627 aka sayar da kagarar Conwy a kan fam 100, a 1665 kuma mai ita ya sa aka kwashe dalma da ƙarfe da katakon da ke jikinta, aka bar wa ruwan sama kango. Ashe mai ɗibar ƙasar ganuwa da jaki yana da 'yan'uwa a Turai. Abin da ya juya al'amarin shi ne zuwan baƙi. Masu zane suka fara zuwa, sa'an nan aka yi gada a 1826, jirgin ƙasa ya iso a 1848, mutanen manyan biranen Ingila suka riƙa fitowa hutu bakin teku, garuruwa irin su Llandudno suka cika da masaukai. Da aka ga kango na kawo ciniki sai aka fara tsaronsa. A 1984 aka kafa hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare, sunanta Cadw, ma'anarsa a harshensu kiyayewa, a 1986 kuma hukumar UNESCO ta sa kagaran nan huɗu cikin kayan tarihin duniya. Wani abin lura, garuruwan da Edward ya gina ya hana mutanen Wales zama a cikinsu, jikokin waɗanda aka hana ɗin su ne yau ke karɓar kuɗin ƙofa, kuma Caernarfon tana cikin garuruwan da aka fi jin harshen Wales a bakin mutane.

To, a komo gida. Da za a shirya irin wannan tafiya a Zamfara, ba za a rasa zangon da za a sauka ba, domin sarautar Zamfara ta yi ƙaura sau da yawa, duk inda ta tashi kuwa ta bar kufai. Masu riƙon labari suna farawa ne da Dutsi, ta ƙasar Zurmi, inda ake nuna manyan kaburburan sarakunan farko, suna kuma ambaton wata sarauniya Yargoje cikin jerin waɗanda suka yi mulki. Daga nan sai Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yau, wanda ya zama babban birnin ƙasar a zamanin ƙarfinta. Can Gobirawa suka zo baƙunci aka ba su wurin zama, aka ce a gonar alkalin Zamfara ne, daga nan sunan Alkalawa ya samo asali. Baƙo ya yi ƙarfi, wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Sarkin Zamfara ya fita zuwa Kiyawa. Bayan haka gidan sarautar ya zauna Sabon Gari da wasu wurare, kafin ya tabbata a Anka cikin ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Alkalawa ita ma ba ta daɗe ba: a shekara ta 1223 ta Hijira, watau 1808, jama'ar Shehu Usmanu suka ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Birni biyu, ɗaya ya cinye ɗaya, dukansu sun zama kufai cikin abin da bai kai shekara 50 ba. Tun da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996 kuwa, kufan Birnin Zamfara ya faɗa ɓangaren Sakkwato, jihar ta ɗauki sunan birnin ta bar birnin a waje.

Malamai su ne suka fi kowa hakki a kan waɗannan wurare, gama labarinsu na cikin littattafan da suke karantawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙat cewa Shehu ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. Bayan wahalar da jama'a suka sha a Tsuntsuwa, a Sabon Garin Zamfara suka sami mafaka a 1805, daga nan rundunar da ta ci Birnin Kabi ta tashi. Littattafan jihadi sun ambaci sarakunan Mafara da Burmi da Danko cikin waɗanda suka karɓi jama'a a farkon al'amari, sunayen da har yanzu ake ji a sarautun ƙasar: Sarkin Mafara na Gummi, Sarkin Danko na Bukkuyum, Sarkin Burmi na Bakura. Almajiri nawa ne ya karanta Infaƙul Maisuri a zaure, ya iya sunayen wuraren nan a ka, amma bai taɓa taka ko ɗaya ba, ko da wani bai fi tafiyar yini daga garinsu ba? Malamai kuwa ba su bukatar a tuna musu yadda aka kwaɗaitar da tafiya don lura da kufan mutanen farko.

Za a ce na Wales dutse ne, na nan ƙasa ce, ƙasa kuwa ba ta jimre wa damina. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ganuwar ƙasa tana rayuwa ne da yaɓe. A da, idan kaka ta yi, sarki kan raba ganuwa ga unguwanni da ƙauyuka, kowa ya san rabonsa, a fito gayya da kiɗa, a yaɓe inda ya zube, a yashe gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta yi kauri a bayansa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 yaƙin garuruwa ya ƙare, gayya ta mutu, ganuwa ta bi ta. Kuma ba duka ne na ƙasa ba. Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, da dutse aka yi ganuwarsa, har yau ana ganinta cikin daji a Jihar Sakkwato. Tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, a 2007 aka rubuta shi cikin jerin masu jiran shiga littafin UNESCO. Dutse bai sa baƙi sun yi masa tururuwa ba.

Babban abin da ya hana, kowa ya san shi, ba sai an ɓoye ba. Mutum ba ya fita kallo sai ya tabbata zai komo. Ƙasar Anka da Bukkuyum ta ga gubar dalma ta 2010, wadda ta fito daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, ta kashe yara fiye da 400. Ba a gama wannan makoki ba 'yan bindiga suka cika dazuzzuka, har a Janairun 2022 suka afka wa ƙauyukan ƙasashen biyu suka kashe mutane masu yawa. Falken da ke lissafin ko zai kai kasuwar Nasarawar Burkullu ya komo lafiya, ba shi za a yi wa zancen yawon buɗe ido ba. Abin takaici ma, wasu garuruwa sun koma haƙa rami kewaye da kansu, watau gwalalon da kakanni suka bari ya dawo, ba don kallo ba.

Duk da haka 'yan kasuwa su dubi Argungu, gama ba ta da teku amma tana da gulbi. Bikin kamun kifinta ya samo tushe daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Tsohuwar fadar garin, wadda aka gina a 1831, ba a rushe ta ba da sarki ya tashi daga cikinta, sai aka mai da ita gidan tarihin Kanta a 1958. Bikin ya tsaya wajen shekara goma, aka dawo da shi a 2020, baƙi kuwa suka dawo, domin abin da za su gani yana nan bai ɓace ba. Masu masauki da masu tuwo da direbobi da masu sayar da tabarma da sirdi, kowa ya san abin da kwanakin nan ke sa masa a aljihu. Gummi ma garin gulbi ce.

Saboda haka aikin da ke gaban mutanen ƙasar nan yanzu ba na kiran baƙi ba ne, na ajiye abin da baƙi za su tarar ne. Wannan kuwa ba ya bukatar hanya ta yi kyau. Sarki yana iya hana ɗibar ƙasa da yanka fuloti a kan abin da ya rage na ganuwa, ya sa a kafa alama a inda kowace ƙofa take da sunanta. Malamin da ke da tsofaffin takardu na ajami ko na Larabci a cikin gafaka, jerin sarakuna ne ko wasiƙa ko waƙa, yana iya sa almajiri ya kwafe su kafin gara ta riga shi, ko a ɗauki hotonsu da waya. Tsofaffin makaɗan fada da masu kirari kuwa kullum raguwa suke. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara tarihin Zamfara ya buga shi a Berlin a 1959, da Jamusanci. Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta nasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, da Ingilishi. Mai karatun zaure a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba ya jin na farko, na biyun kuwa ba a kasuwa ake samunsa ba. Wanda zai zauna ya rubuta shi da Hausa, cikin haruffan da masu karatun wannan shafi suka saba da su, ya kuma sa sunayen ƙofofi da unguwanni da kufaifan da littattafan can ba su kai gare su ba, yanzu ne zai sami tsofaffin da zai tambaya.