Motsa Jiki a Matsayin Magani ga Masu Ciwon Huhu Mai Daɗewa

Ciwon huhu mai daɗewa shi ne duk larurar da ta lalata huhu ko hanyoyin da iska ke bi, har mutum ya ci gaba da fama da tari da kaki da sarƙewar numfashi na tsawon watanni ko shekaru. Babba a cikinsu shi ne ƙuntatar hanyoyin iska da likitoci ke kira COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ya kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ya kashe kafin su kai shekara 70 mazauna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Akwai kuma asmar da ta daɗe ba a shawo kanta ba, da buɗewar hanyoyin iska mai tara kaki, da ƙandarewar huhu irin ta masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, sai kuma tabon da tarin tibi ke bari bayan an warke.

A Turai da Amurka taba sigari ce kan gaba wajen haddasa wannan ciwo. A ƙasar Hausa taba na da nata kason, amma hayaƙin girki ba ya bayanta. Matar da ta shekara talatin tana hura wuta da ɗanyen itace ko kara a madafi marar taga ta shaƙi hayaƙin da zai iya yi mata illa ko da ba ta taɓa kai karan taba bakinta ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan mutanen karkarar Masindi a Uganda ya samu COPD a jikin kusan kashi 16 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 30, kuma da yawansu, musamman mata, ba mashaya taba ba ne. Ga kuma tibi, wanda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Bincike da dama sun nuna cewa kusan rabin waɗanda suka kammala shan magani na wata shida suna fitowa da wani rauni a huhu. Ƙwayar cutar ta mutu, an sallami mutum a matsayin wanda ya warke, amma hawa 'yar matakala ya gagare shi.

Abin da ke durƙusar da irin wannan majinyaci ba huhun kaɗai ba ne. Dattijon da ya saba takawa zuwa masallacin unguwa zai fara tsayawa sau biyu a hanya yana haki. Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma yin salla a gida, daga nan a zaune. 'Ya'yansa, saboda tausayi, su riƙa cewa, "Baba, ka zauna kawai, a kawo maka," har butar alwala sai an ɗauko masa. Cikin 'yan watanni tsokar cinyarsa da ta ƙwauri ta zube. Tsokar da ta yi rauni kuwa ba ta iya cin moriyar iskar oksijin yadda ya kamata. Da ta ɗan yi aiki sai ta gaji, ta tara sinadarin da ke tilasta wa jiki ƙara saurin numfashi. Tafiyar da a da take sa shi haki bayan taku ɗari, yanzu taku ashirin ya isa. Haki ya hana motsi, rashin motsi ya ƙara haki. Tsoro ma yana shiga ciki, domin wanda ya taɓa jin kamar ransa zai fita saboda rashin iska ba ya son abin da zai sake kai shi can. Hutun da iyali ke ɗauka kulawa ce, a nan wajen cutarwa yake yi.

Shirin farfaɗo da masu ciwon huhu an gina shi ne don warware wannan ƙulli. Ba ya gyara huhun da ya lalace; idan aka auna ƙarfin busa iska kafin shirin da bayansa, da wuya a ga wani bambanci. Abin da yake gyarawa shi ne sauran jiki. Motar da injinta ya tsufa za ta fi tafiya idan aka rage mata kaya aka gyara tayoyinta, ko da ba a taɓa injin ba. Haka tsokar da aka horar take yin aiki mai yawa da iska kaɗan, sai nauyin da ke kan huhu ya ragu.

Ana fara shirin da gwaji. Ma'aikaci zai auna hawan jini da bugun zuciya, ya maƙala wa majinyaci ƙaramar na'ura a ɗan yatsa don ganin yawan oksijin da ke jininsa, sannan ya sa shi kai da komo a baranda mai tsawon mita 30 na minti shida, da izinin tsayawa idan ya gaji. Nisan da ya ci shi ne ma'aunin da za a dawo a kwatanta da shi a ƙarshe. Ƙarin kimanin mita 30 a wannan gwaji ya isa mutum ya ji canji a harkokinsa na yau da kullum. Shirin kansa yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, ana haɗuwa aƙalla sau biyu a mako ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da ƙarin atisaye a gida. Ginshiƙinsa tafiya ce da sauri daidai ƙarfin mutum, ko tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, ana son a kai minti 20 zuwa 30. Wanda ba zai iya a jere ba sai a yanka masa: minti biyu tafiya, minti ɗaya hutu. Ana haɗawa da ƙarfafa tsoka, kamar tashi da zama a kan kujera ba tare da dafawa ba, hawa da sauka a matakala ɗaya, da ɗaga abu mai ɗan nauyi da hannu.

Abin da ya fi wuyar shiga kan majinyata shi ne cewa ana son su yi haki. Ana amfani da ma'auni daga sifili zuwa goma, inda mutum da kansa zai faɗi yadda yake jin numfashinsa, kuma ana neman ya tsaya a tsakiya: yana haki amma yana iya furta gajeriyar magana. Irin wannan haki ba ya cutar da huhu. Idan an koyi haka a gaban ma'aikacin lafiya, tare da wasu masu irin larurar, tsoron yakan ragu ƙwarai, kuma wannan kaɗai babban ci gaba ne.

Ana kuma koyar da dabarun numfashi. Mafi sauƙi ita ce a shaƙi iska ta hanci a ƙirga biyu, a fitar da ita ta baki a hankali da leɓɓa a tsuke a ƙirga huɗu. Hikimar ita ce, a ciwon COPD iska tana maƙalewa a cikin huhu, tsohuwar ba ta gama fita ba sabuwa ke neman shiga. Tsuke leɓɓa yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri. Idan numfashi ya sarƙe, a zauna a ɗan sunkuya gaba, a dafa gwiwoyi da hannu, a saki kafaɗa. Sauran darussan sun haɗa da yadda ake fitar da kaki ba tare da tari mai galabaitarwa ba, da yadda ake shaƙar inhela daidai, wanda mutane da yawa ke kuskurewa, da abinci ga waɗanda suka rame, da daina taba da shisha, da gane alamun tashin ciwo tun da wuri.

Hujjar amfanin wannan shiri ba ta da rauni. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 65 kan masu COPD, ta samu cewa shirin yana rage haki da gajiya, yana ƙara nisan tafiya, yana kuma inganta yanayin rai. Editocin suka ce ba sauran buƙatar sake gwada ko yana aiki. Wasu binciken sun nuna cewa wanda ya fara shirin cikin mako huɗu bayan an sallame shi daga asibiti ya fi samun kariya daga sake komawa gado.

Duk da haka, kaɗan ne ke samunsa, har a ƙasashe masu arziki. Binciken da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2020 ya duba tsofaffi kusan 200,000 da aka kwantar saboda COPD a Amurka, ya tarar ƙasa da biyu cikin ɗari ne suka fara shirin cikin wata uku da sallama. Idan haka abin yake inda ake da cibiyoyi da inshora, ba sai an faɗi halin da ake ciki a Sahel ba. A Nijeriya ana horar da ƙwararrun gashin ƙashi, waɗanda su ne za su iya gudanar da irin wannan shiri, a jami'o'i irin su Bayero a Kano da Maiduguri da Ibadan, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashensu. Sai dai ƙwararrun ba su da yawa, akasarinsu suna manyan birane, layinsu kuma cike yake da masu shanyewar ɓarin jiki da karaya da ciwon baya. Jama'a ba su san sashen yana da abin yi wa mai ciwon ƙirji ba, likitoci da yawa kuma sun saba rubuta magani su sallami mutum ba tare da tura shi can ba. Na'urar auna ƙarfin huhu ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka ciwon ma ba a cika gano shi da sunansa ba. Sai a yi ta cewa sanyi ne, ana sayen maganin tari a kemis. Ga kuɗin mota sau biyu a mako, da na ɗan rakiya, ga wanda ciwon ya riga ya raba da sana'arsa. Mace kuma, wadda hayaƙin murhu ya fi shafa, ba lallai ta samu damar fita akai-akai ko ta sake jiki ta yi atisaye cikin maza ba.

Tsadar kayan aiki ba ta cikin manyan dalilan, ko da yake ita aka fi fakewa da ita. A Kampala, masu bincike na Jami'ar Makerere tare da abokan aikinsu daga Ingila sun gudanar da shirin mako shida ga waɗanda tibi ya bar wa tabo, da kayan aiki masu sauƙi, kuma rahotonsu na 2017 ya nuna majinyatan sun ƙara ƙarfin tafiya, lafiyarsu ta inganta. A shekarar kuma, wani gwaji a Ostareliya ya nuna cewa shirin da ake yi a gida, da ziyarar ƙwararre sau ɗaya da kiran waya sau ɗaya a mako har mako bakwai, ya ba da sakamako daidai da na asibiti. Baranda, kujera, agogo, gorar ruwa da aka cika da yashi, da ma'aikacin da ya san aikin: yawancin abin da ake buƙata ke nan, kuma babu wanda ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma. Cibiyoyin da ke raba maganin tibi su suka fi dacewa da farawa, tunda majinyatan sun riga sun san hanya. A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su sanya ayyukan farfaɗowa cikin tsarin kiwon lafiyarsu har zuwa matakin farko.

Kafin hakan ta tabbata, mai tari ko haki da ya daɗe yana da haƙƙin tambayar likitansa kai tsaye ko motsa jiki ya dace da shi, ya kuma nemi takardar turawa zuwa sashen gashin ƙashi. Ko zuwa ɗaya ko biyu ya samu, zai iya karɓar tsarin da zai ci gaba da shi a tsakar gida. Amma kada a fara ba tare da an duba mutum ba, domin ciwon zuciya da ƙarancin jini su ma suna kawo haki, kuma kowanne da nasa magani. Wanda ya taɓa yin tibi kuma tari ya dawo masa, sai an gwada kakinsa tukuna. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan cutar ce ta dawo, magani ne farko, kuma ba zai shiga cikin rukuni ba sai an tabbatar ba zai yaɗa ta ba. Idan kuwa tabo ne kawai, sake shan maganin tibi ba zai amfane shi ba. A dakatar da atisaye nan take a nemi asibiti idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, ko aka yi tarin jini, ko leɓɓa suka sauya launi. Ranar da ake zazzaɓi ko kaki ya ƙaru ya canza launi, ranar ganin likita ce. Motsa jiki kuma ba ya maye gurbin inhela ko sauran magungunan da aka rubuta.

Lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, gara a yi tafiyar a cikin ɗaki ko zaure, a sa takunkumi idan fita ta zama dole. Da bazara kuma a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar. Ƙarfin da aka samu a shirin yakan fara zubewa cikin wata shida zuwa shekara idan aka koma zama, don haka ake son majinyaci ya ci gaba da tafiyar minti 20 zuwa 30 a yawancin ranakun mako, ya koma a sake auna shi idan ciwon ya tashi ko ya ga nisan da yake iya ci ya ragu.