Rumbu Ɗaya, Magana Ɗaya

Ma'aikacin da ke duba kuɗin tiyar hatsi na kasuwannin Magarya da Dungas cikin manhajar intanet, adadi guda yake bukata. In kowane shafi ya riƙe nasa, sai su saɓa wa juna, har a tsara agaji bisa kuskure. Saboda haka masu gina manhaja kan kafa rumbun bayani ɗaya, irin na Redux da ya fito a 2015. Duk shafuka daga nan suke ɗiba, kuma ba a sauya adadi sai da umurni mai suna. Akan kasa rumbun kashi-kashi: sunayen kasuwanni daban, kuɗin hatsi daban. In an gyara a rumbu, ko'ina ya gyaru.